Kabewa abinci ce, ko a ƙofar gidan wa aka jera ta

Abin da baiwar Allahn nan da ke zaune a nan Amurka ta yi a bidiyon jiya, na zuba kabewar da ta yi wa ƙofar gidanta ado da ita a shara, ba daidai ba ne, kuma duk wadda ta danna mata alamar so ta taya ta. Na ga ana ta kewaye-kewaye a ƙarƙashin bidiyon, kowa na tsoron a ce ya cika sa ido. To ni zan faɗa. Kabewa abinci ce, abinci ta zubar.

Duk mun ga hotunan tun watan Satumba. Kabewa manya da ƙanana jere a matakalar ƙofar gida, wasu an shafe su da farin fenti, wasu da ruwan zinariya, ga damin ciyawa, ga busasshen karan masara an jingina da bango. Ban ce uffan ba a lokacin, don ado ba laifi ba ne. Sai ga shi Nuwamba na shigowa ta kafa waya, ta saka kiɗa, tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana jefawa cikin baƙar ledar shara, wai lokacinsu ya wuce. Ku koma ku kalli wurin da ɗaya ta suɓuce mata ta faɗi a kan siminti ta dare biyu. Cikin nan jawur, tsokar da kauri, 'ya'yan cike fal, ko alamar ruɓa babu. Da ƙafa ta tura ta gefe. Wallahi wannan ƙafar ce ta tsaya mini a rai.

Kuma don Allah masu son karkatar da zancen zuwa ga hukuncin bikin Halloween, wanda ake sassaƙa fuska a jikin kabewa dominsa, ku dakata. Wannan fagen malamai ne, su za ku tambaya. Ita ma ta ce ba bikin take yi ba, adon kaka ne kawai, na kuma yarda da ita. Ko da babu biki ko ɗaya a duniya, wanda ya sayi abinci ya ajiye a waje har ya gaji da kallonsa sannan ya zuba a shara ya yi almubazzaranci. Ayar tana nan a Suratul Isra'i, masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu ne. Mu da aka koya wa cewa idan loma ta faɗi a ɗauka a share ƙurar a ci, kada a bar wa Shaiɗan. Loma ɗaya fa. Ina ga kabewar da sai an sa hannu biyu ake ɗaga ta?

Wata ta rubuta cewa ai kuɗinta ne. Eh, kuɗinki ne, Hajiya. Ruwan da aka shayar da gonar ba naki ba ne, haka wata uku zuwa huɗu da shukar ta yi a ƙasa, haka bayan leburan da ya sunkuya ya yanko ta ya loda a mota. Kuɗi yana ba mutum ikon saye. Ban taɓa jin inda ya ba shi ikon wulaƙanta ni'ima ba.

Wata kuma ta ce irin wannan kabewar ba a cin ta, don ado aka yi ta. Wannan ita ce maganar da ta fi yawo, kuma rabin gaskiya ce. Manyan nan masu launin lemo, irin su wadda ake kira Howden, an fito da irinsu ne don sassaƙa: ciki da faɗi, kara mai ƙarfi da za a riƙe. Ba su kai ƙananan zaƙi ba, suna da ruwa-ruwa da zare. Amma ba guba ba ce. Ana dafa ta, ana ci. A miyar taushe da ta ji gyaɗa da attaruhu da ƙashin rago, wa zai tsaya tantance irin kabewar? 'Ya'yan ma kaɗai, a wanke a barbaɗa gishiri a gasa, yara sai sun yi faɗa a kansu. Kuma rabin waɗanda ke cikin bidiyon ƙananan nan ne masu zaƙi da ake sayarwa a sashen kayan miya. Abin da ya hana a ci su shi ne fentin da ta shafa musu da hannunta. Wasu ma har ruwan bilic suke fesawa don kada su yi saurin ruɓewa, daga nan ko akuya ba za a ba wa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun ɗauko ɓawon al'adar mun bar tsokar. Kabewa 'yar asalin nahiyar nan ta Amurka ce. An samu 'ya'yan danginta da ɗan Adam ya noma a wani kogo a Oaxaca ta ƙasar Meksiko, masu kimanin shekara 10,000. 'Yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa suna shuka ta a rami ɗaya da masara da wake: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe laima ya hana ciyawa. Suna yanka ta su shanya don ta kai su ƙarshen hunturu, kamar yadda iyayenmu ke shanya kuɓewa da tumatir. Sassaƙa fuska kuwa mutanen Ailan ne suka zo da ita, waɗanda yunwar shekarun 1845 zuwa 1852 ta koro da yawansu daga gida. A can wani ɗan tushe mai tauri suke sassaƙawa, da suka zo nan suka tarar da kabewa ta fi girma da sauƙin yanka. Mutanen da yunwa ta koro. Ku yi tunanin abin da za su ce da sun ga ledar sharar nan.

Har yau ɗin nan Amurkawa da yawa cin ta suke yi. Jihar Illinois ce kan gaba a nomanta, kuma a garin Morton akwai masana'antar Libby's da ke zuba ta a gwangwani, da ita ake yin kek ɗin kabewa na ranar godiya, Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Maƙwabciyata, dattijuwa Baturiya, kabewa biyu take ajiyewa a ƙofarta, ba fenti ba sassaƙa. Sanyi na fara tsanani ta shigar da su, ta gasa, ta kwashe tsokar ta zuba a ƙananan robobi ta saka a firiza. Ɓawon ta kai ramin takinta a bayan gida. Ta yi adonta, ta ci abincinta. Me ya hana mu kwaikwayi wannan, sai mai zubarwa?

Kada kuma wani ya ce mini ai nan ƙasar babu mai jin yunwa. Ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta ce a 2023 mutum sama da miliyan 47 ne ke zaune a gidajen da abinci bai wadace su ba. Ku bi ta gaban wuraren rabon abinci na coci-coci da masallatai ranar Asabar da safe ku ga layi, cikin sanyi, da yara a hannu. Kabewar da ba a yanka ba, ba a shafa mata komai ba, tana iya yin watanni a wuri mai sanyi. Akwai gonaki da ke karɓa su ba dabbobi, akwai garuruwan da ke ware ranar tattara ta don yin taki. Wadda aka kai juji kuwa binne ta ake yi ƙarƙashin shara, ta ruɓe ba iska, ta riƙa fitar da iskar methane mai ƙara ɗumamar duniya. Ba ta shiga cikin kowa ba, ba ta koma ƙasa ta zama taki ba.

Masu cewa ai manomi ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba zan ma tsaya a kanku ba. Masu cewa hassada ce, Allah Ya ƙara mata, Ya ba ta gidan da ya fi wannan. Ni ba gidanta nake kallo ba.

'Yar'uwa, da zuciya ɗaya nake miki magana. Na san kewar gida, na san yadda mutum ke so ƙofarsa ta yi kyau kamar ta kowa a layin, kada yaransa su ji su ne bare. Ba wanda ya ce kada ki yi. Ki sayi biyu ko uku, ki bar su yadda Allah Ya halicce su, launinsu ma ya isa ado. In kina son fari da zinariya, ga na roba da na katako cike da shaguna, a saya sau ɗaya a yi shekaru ana fito da su. Amma ki tuna bidiyon nan ba a Amurka kaɗai ake kallonsa ba. Akwai wadda ta kalle shi a Kano ko Maraɗi bayan ta aiki yaro ya sayo mata yanka ɗaya na kabewa, ta jujjuya shi tana lissafin ko zai ishi miyar gidan. Yaranki ma suna tsaye a bayanki lokacin da kike turawa da ƙafa. Kabewa abinci ce, kuma sun ga abin da kika yi da ita.

Tunda zancen taushe ya taso, masu turo mini saƙo cewa ba sa yi don babu yakuwa a nan, akwai ta. Ku shiga shagon Indiyawa ku ce a ba ku gongura, tsaminta ɗaya da tamu, wani lokaci har da ɗanya ake samu. Alayyahu kuwa ko ina akwai. Sai dai ku kula da tunkuzar kwalba, yawancinsu an zuba musu sukari, miya sai ta koma wani abu daban. Ku duba wadda aka rubuta gyaɗa da gishiri kawai, ko ku soya gyaɗarku ku niƙa. Daddawa ce dai har yanzu ban samu mai kyau ba, ta shagunan nan duk ta sha iska ƙamshin ya gudu. Duk wadda ta san mai tahowa daga gida kafin ƙarshen wata ta yi mini magana ta akwatin saƙo.