Nasiha Ga Matasa Kan Kuɗin Da Ke Cikin Waya

'Yan'uwana matasa, tun lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon shekarar 2023, cinikinmu ya koma cikin waya. Daga mai shayi har ɗan kasuwar Kantin Kwari, kowa ya liƙa lambar asusun OPay, Moniepoint ko PalmPay a wurin sana'arsa. An samu sauƙi, babu musu, amma ɓarawo ma ya bi kuɗin inda suka koma, kuma abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa mai asusun ne yake buɗe masa ƙofa da hannunsa.

Za a kira ka da murya mai ladabi, a ce daga banki ne, wai BVN ɗinka ta samu matsala kuma za a rufe asusunka yau idan ba a gyara ba. Mai kiran zai iya faɗin cikakken sunanka da ranar haihuwarka, sai hankalinka ya kwanta, alhali irin waɗannan bayanai sukan fita ta takardun neman aiki ko shafukan tallafin bogi da muke cikewa ba tare da tunani ba. Abin da yake nema shi ne lambar nan da ke shigowa ta saƙo, wato OTP, ko lambar sirrin katinka, domin su ne mabuɗin ƙarshe da ba ya hannunsa. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ka su. Da zarar an fara gaggauta ka, katse kiran, ka je reshen bankin da ƙafarka.

Masu shago kuwa, kada hoton shaidar biya ko alat ya sa ku miƙa kaya, domin dukkansu ana ƙirƙirar na bogi. Ku buɗe manhajar ku ga kuɗin sun shiga, ko da mai saye zai ɓata rai.

Sai batun da matasa suka fi rainawa, wato aron asusu. Aboki ko wani da aka haɗu da shi a Facebook zai ce nasa asusun yana da matsala, a turo kuɗi ta naka ka cire masa, ya ba ka na goro. Idan kuɗin na damfara ne ko na fansar wanda aka sace, sunanka da BVN ɗinka da NIN ɗinka ne a rubuce, kuma kai EFCC ko 'yan sanda za su fara nema, shi kuwa ya kashe layinsa ya ɓace. Ina ganin kunyar cewa a'a ce take jefa yawancinmu cikin wannan, musamman idan mai roƙon ya girme mu, amma kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan iyayenka su riƙa zarya wurin neman belinka.

Haka nan duk manhajar da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan makonni, a tuna da MMM da ta dakatar da biya a Disambar 2016, da CBEX da ta rufta da dukiyar jama'a a Afrilun 2025.

Layin wayarka ma dukiya ne, tunda da shi ake tura kuɗi ta lambobin USSD ko da babu intanet. Ka sa wa layin lambar sirri, kada ka zaɓi shekarar haihuwarka, kuma ka kare lambar sirrin katinka da hannu idan kana dannawa a wurin mai POS. Ranar da waya ta ɓata, ko ka ga an cire kuɗin da ba kai ka cire ba, kada ka tsaya jimami ko ɓoye wa mutane don gudun a ce an yi maka wayo. Ka ari waya nan take ka sanar da banki a toshe asusun, sannan kamfanin sadarwa ya rufe layin, domin cikin 'yan mintuna ake rarraba kuɗin sata zuwa wasu asusun daban-daban.