Yadda Na Riga Gwamnatoci Biyu Kawo Jirgin Ƙasa Maraɗi

Tun da na yi ritaya daga koyarwa Hajiya take cewa zama ya fara taɓa mini kai. Ban taɓa yarda da ita ba sai ranar da na shiga babbar kasuwa da jikka ashirin a aljihu don in sayo fanka, na komo gida da jirgin ƙasa.

A rumfar wani mai kayan gwanjon Kwatano na gan shi, cikin wani kwali da ya sha duniya, an danne shi da tsoffin dutsen guga. Na buɗe. Ga kan jirgi kore, ga taragai huɗu, ga dogo guntu-guntu, wasu miƙaƙƙu wasu masu lanƙwasa, ga gidan tasha, ga ƴan mutane bakwai na roba waɗanda tsayin kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Ɗaya daga cikinsu yana sanye da hula, ya ɗaga hannu sama. Nan take na naɗa shi shugaban tasha. Mai rumfar ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, na jikoki ne?" Na ce e, na jikoki ne. Allah ya yafe mini wannan ƙarya.

Ku fahimce ni. Marigayi babanmu yaron mota ne a zamanin gyaɗa, yana bin manyan motoci daga nan zuwa Kano, inda dogo ya iso tun 1911. Mun tashi muna jin labarin jirgi a bakinsa: yadda yake kuka, yadda ƙasa ke rawa in ya taho, yadda ake loda masa buhuna daga dalar gyaɗa har a gaji shi bai gaji ba. Mu kuwa a Maraɗi sai dai labari. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso, har yau ba mai cewa ya sayi tikiti ya kai buhun gero da shi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi, kusan kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, muna nan muna jira. To ni da na ga nawa a kwali, me zai sa in jira?

A jikin kwalin an rubuta Jouef, wani tsohon kamfanin kayan wasa na Faransa, a jikin kan jirgin kuma CC 7107. Ɗana da ke aiki a Yamai ya duba mini a waya, ya ce na gaskiyar ba ƙaramin jirgi ba ne, shi ne ya yi gudun kilomita 331 a sa'a cikin watan Maris na 1955. Ya ce girman nawa shi ake kira HO, wato an rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon milimita 16 da rabi. Tsohon malamin lissafi ne ni, sai na jawo alli. Mutum mai mita 1 da santimita 74 ya koma santimita 2. Dogon Kano zuwa Maraɗi kuwa, in zan yi shi cikakke, sai na sami fili mai tsawon fiye da kilomita 3. Na duba ɗakin baƙinmu, taku biyar ne da rabi. Na yanke shawarar cewa Katsina da Daura su yi haƙuri.

Matsala ta farko ita ce wuta. Cikin kwalin akwai wani baƙin akwati mai nauyi wanda ke rage ƙarfin wutar gida zuwa bolt 12 kafin ta bi ƙarafan dogo ta shiga ƙafafun jirgi. A bayansa akwai ɗan maɓalli, gefe ɗaya 110, gefe ɗaya 220. Wannan maɓallin sai bayan hayaƙi ya lafa na gan shi. Abin da na sani kawai, na soka, na ji fas, ɗaki ya cika da warin ƙonanniyar roba, talabijin ɗin Hajiya ya ɗauke a tsakiyar shirinta. Ta leƙo ta ce, "Malam, jirgin ya iso ke nan?"

Mai gyaran rediyon unguwarmu, wanda na koyar da shi a aji uku kuma har yau bai manta bulalar da na yi masa ba, ya juya akwatin ya ce, "Mushe, wannan ya riga mu gidan gaskiya." Ya ba ni shawara in yi amfani da batirin babur, shi ma 12 ne, ko an ɗauke wuta ba ruwana. In ina son jirgi ya koma da baya, in sauya wayoyin biyu kawai. Abin da bai gaya mini ba, ko kuma ya ɓoye da gangan saboda bulalar nan, shi ne batiri ba ya san a hankali. Ina haɗa waya jirgin ya zabura kamar an tsikari doki, ya iso kwanar farko ya ƙi lanƙwasawa, ya tashi sama da taragansa huɗu ya sauka cikin kwanon furar da na ajiye a ƙasa. Lallai jikan mai 331 ne. Sai da yaron ya haɗa mini wani maɓalli mai juyawa na rage ƙarfi, ya karɓi jikka biyu, yana murmushi.

Daga nan aka shiga aikin da ya cinye mini wata biyu, wato ƙawata ƙasa. Kafinta ya yanko mini faffaɗan katako irin na silin, muka ɗora kan tsohon gadon ƙarfe. A hoton kwalin akwai dutse, jirgi yana fitowa daga rami a cikinsa. Kowa ya san ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in kana son duwatsun kirki sai ka nufi Damagaram, amma jirgi ba rami ai bai cika jirgi ba. Na lanƙwasa ragar waya, na yayyaga takardun buhun siminti, na dama garin rogo da ruwan zafi ya yi kauri kamar kunu, na riƙa tsomawa ina liƙawa. Kwana uku ya bushe ya yi tauri, na shafa masa jar ƙasa daga bakin Gulbi. Wallahi har ni da na yi shi na tsaya ina kallo.

A nan ne basira ta yi mini yawa. Gam na kanti tsada, kayan ado irin na Turawa kuwa ba inda za ka same su a garin nan, sai na ce komai da abin gida za a yi. Ciyawa: na fara da garin katako, na ga ya yi gautsi, sai na ɗebo dusar gero na rina ta da koriyar galura, ta kwanta lumui kamar gonar damina a Tibiri. Tsakuwar ƙarƙashin dogo: na gwada ƙwayar gero, na yi lissafi na ga a idon shugaban tasha kowace ƙwaya ta kai kankana, sai na koma tsaki. Itatuwa: karan harawa ne na tsinke, na bar musu ƴan ganyaye, suka fito sak gawo. Manyan duwatsun gindin tsauni, gutsattsarin jar kanwa. Dalar gyaɗar Kano kuwa, don girmama babanmu, na ce ba za a yi ta da jabu ba: ƙuli-ƙuli na yanka ƙanana-ƙanana da reza na jera su har suka yi tsini. Sau uku ina sake wannan dala, domin jikana mai shekara shida ya naɗa kansa ɗan kamasho. Na kama shi baki cike, na ce, "Kai, ɓarawon gyaɗa!" Ya ce, "Tsoho, ai jirgi ne ya kwashe."

Tafkin Madarumfa ne kaɗai ba a ci. Shi da madubi na yi shi. Madubin wane ne, wannan magana ce da har yanzu ba a rufe ta a gidanmu ba.

Da na waiwaya yanzu, an yi mini gargaɗi. Kiyashi ne suka fara zuwa, layi guda daga taga har cikin tasha, kuma in ka auna da ma'aunin 87 kowannensu ya kai gafiya. Na zagaye ƙafafun gadon da gwangwanayen ruwa. Kaza ta shigo sau biyu tana duban tsakin da ido ɗaya. Na kore ta. Ga ƙurar hunturu, wadda in ta kwanta kan ƙarafan sai wuta ta ƙi wucewa, jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar motar haya mai neman fasinja. Kowace safiya ina bin dogo da tsumma da ɗan alkol, ni da ban taɓa share ɗakina ba tun da aka ɗaura mana aure. Hajiya ta lura da wannan, kuma ta faɗa.

Ranar Juma'a na sa don buɗe hanya. Na gayyaci ƴan fadarmu su shida, tsoffin malamai da wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, na ce bayan la'asar a zo a sha shayi a ga abin da gwamnatoci biyu ba su gama ba. Na sa farar shadda. Na jera mutanena bakwai a bakin tasha, shugaba a gaba da hannunsa a sama. Da aka kira salla na ja ƙofa na fita. Na ja ta, ban kulle ba, saboda fentin gidan tasha bai gama bushewa ba, ina son iska ta ɗan shiga.

Hajiya tana da akuya. Ja ce, irin tamu ta Maraɗi da ake yabo har ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haihuwa, kuma a gidan nan darajarta ta fi tawa, don ita tana kawo tagwaye, ni fansho nake kawowa.

Mun dawo daga masallaci ina gaba ina bayani, ina cewa a lura da yadda aka rage komai sau 87. Na tura ƙofa. Abin da ba a rage ba yana tsaye a tsakiyar ƙasata, ƙafar gaba ɗaya a Kano, ta baya a cikin tafkin Madarumfa, wanda ya tsage gida huɗu. Dajin gawo babu shi. Gonakin Tibiri an lashe su har katako ya fito, leɓunanta kore shar. Dala ko ɓurɓushi. Kanta kuma ba a ganinsa, domin ta bi ƙanshin garin rogo ta cusa shi cikin ramin jirgi, tana cin dutsen daga ciki.

Na daka tsawa. Kuskure na biyu ke nan. Ta firgita ta ɗago, ƙahonin suka sarƙe a ragar waya, dutsen ya ɓalle daga katako gaba ɗayansa. Ta diro daga gado da tsauni a ka, ta bi ta tsakanin ƙafafun ma'aikacin duwan, wanda ya yi shekara talatin yana tare motoci a Dan Isa amma ya kasa tare akuya, ta ture butar shayi, ta yi waje. Ƙofar gida a buɗe take saboda baƙi.

Duk wanda yake layinmu a ranar ya ga dutse yana gudu da ƙafa huɗu yana kuka, tarago ɗaya yana reto a bayansa da waya, yara kamar ashirin suna bi suna ihu, ni kuma a ƙarshe da farar shadda da takalmi ɗaya. Wani mai kabu-kabu ya taka birki ya tsaya yana salati. Mai tsiren bakin titi ne ya cafke ta a ƙafa, ya dube ni, ya dubi abin da ke kanta, ya ce, "Mushe, wannan hular a ina ake ɗinka ta?"

Da na jawo ta gida na tarar ƴan fada sun zagaye gadon shiru kamar masu gaisuwar mutuwa. Babbanmu, wanda ya koyar da tarihi, ya gyara tabarau ya ce tun ambaliyar 1945, da Gulbi ya ci tsohon gari har aka tashi aka hau tudu, Maraɗi ba ta ga ɓarna irin wannan ba. Sai suka fashe. Ɗaya har da riƙe bango.

Na juya wurin Hajiya ina neman haƙƙina, na ce dabbarta ta rusa aikin wata biyu. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ƙirga da yatsu: "Harawa. Dusa. Tsaki. Ƙuli. Kanwa. Malam, shekara huɗu ina kiwon akuyar nan, ban taɓa haɗa mata liyafa irin wadda ka haɗa mata ba. Ka shimfiɗa mata a gado, ka bar mata ƙofa. Ni yanzu galurar da ka ba ta nake ji, in cikinta ya ɓaci kai za ka biya likitan dabbobi. Sannan mu koma maganar madubi."

Kan jirgin dai bai yi komai ba, a ƙarƙashin gado na same shi. Na haɗa masa batiri a daren, ya zagaya kan dogon da ya saura, cikin fili fetal ba itace ba ciyawa, wanda a gaskiya ya fi kama da hanyar Dakoro a watan Afrilu fiye da duk abin da na gina. Mutanena na ƙirga na sami shida. Shugaban tasha ne babu.

Jikana ya ce shi ya san inda yake. Ya ɗauki tsinke da ɗan kujerarsa ya je ya zauna bayan turken akuya, ya ce in ya fito jikka ɗaya zan ba shi. Yau kwana uku ke nan yana zuwa aiki safe da yamma, kuma jiya ya aiko a gaya mini farashi ya koma jikka biyu.