Fentin gaggawa, aiki biyu

Abin haushi ne mota ta fito daga wajen mai fenti, ba a yi wata biyu ba ta fara ɓarewa. An fesa kan tsohon fenti ba a goge ba, ba a wanke maiƙo ba, ga ƙurar hunturu ta manne ciki.

In fentin zuba kawai ya yi, wato ya gangaro ya bar layi, a bari ya bushe sarai, a bi da samfefa mai laushi lamba 1500 da ruwa, sannan 2000, a yi folish. Wanda ya ɓare kuwa sai kankarewa da samfefa mai kaushi lamba 180 da 320, a fesa firama, wato shafin farko da fenti ke kamawa a kai, a lallaɓa da 600, sannan fenti shafi biyu marasa kauri, minti goma tsakani. Don Allah a daina cika tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, don fenti ya yi auki, ita ke kashe ƙyalli.