Oga Direba da Turancin Gudu

Oga Direba: Ticha kai ne shaida, yau ƴan rod sefti sun ci zalina a hanyar Zariya. Wai na yi obasifidin.

Ticha: Nawa kake gudu?

Oga Direba: 140 kacal. Kuma allonsu ne ya ce sifid limit 100, wato daga 100 ake farawa, wanda motarsa ta gaza ya koma gefe ya ba maza hanya.

Ticha: Oga limit fa iyaka ce, kar ka wuce. Ɗarin ma ta ƙananan motoci ce, kai mai bas ɗin haya 90 ce taka.

Oga Direba: Ni za ka koya wa Turanci? Tun kana ajin share fage nake lodin Legas. Da yaron rod seftin ya matsa min sai na kashe shi da nahawu, na ce ofisa ayam fastin.

Ticha: Me kake nufi?

Oga Direba: Ina sauri mana! Fas sauri, fastin ana cikin saurin.

Ticha: Azumi ka ce masa kana yi.

Mai shayi, wanda ba a sa da shi ba kuma har yau yana bin Oga kuɗin indomi uku, ya ce to shi ya sa ya ganka da rake a baki ya ƙara maka tara.

Oga Direba: Hassada ce kawai. Motar nan hospawa ɗari da wani abu gare ta, ƙarfin doki ɗari! Ko hawan Daushe sai a tara hakimai kafin a haɗa dawakin da ke cikin bonet ɗina.

Ticha: Amma jiya tura ta muka yi.

Oga Direba: Dawakin ne ba su sha mai ba, ka san kuɗin lita yanzu. Wannan Usain Bolt ɗin da kuke zuzutawa ma nawa yake yi?

Ticha: Mita 100 a daƙiƙa 9.58, a Berlin, 2009.

Oga Direba: A giya ta biyu zan yi masa obatekin ina gyara madubi.

Ticha: Da ramukan nan da goslo da shingen ƴan a-ba-mu-na-ruwa? Wallahi sai ya riga ka kai Kwanar Dangora da ƙafa.

Oga Direba: To in ya isa ya gwada da fasinja goma sha takwas da akuya biyu a but.