Gwamna Ba Ta Son Baƙi

A gidanmu kowace dabba da sana'arta. Mage barci take yi da raina mutane. Aku gulma. Ɓerayen Masar guda biyu na 'yata kuwa sun ishi junansu, kullum suna lungu suna ƙus-ƙus. Zomo ne kaɗai ba shi da kowa sai ni. Sunansa Gwamna, don tun yana ɗan mitsitsi idan ya miƙe a tsakiyar falo, sai dai kai ka kewaya.

Da ɓarna ta yi yawa ne aka kira taro. Ya datse wayar cajata, ya datse ta uwargida, ya koma kan ƙafar kujera. Na san haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaban nan kan ƙaru da wajen milimita 2 a mako, don haka gwaguya dole ce a gare shi. Amma ga busasshiyar ciyawa nan jibge a gabansa, me ya kai shi wayar fanka?

"Baba, kaɗaici ne ke damunsa," in ji 'yata. Ita ce mai karance-karance a gidan. Ta ce duk zomayen gida jikokin zomon daji ne na Sifen da Fotugal, kuma can a ramuka suke zama, jama'a guda, wasu na kiwo wasu na sa ido, in ɗaya ya hango gaggafa sai ya buga ƙafar baya a ƙasa kowa ya nutse. Ta ƙara da cewa a Suwizalan tun 2008 doka ta hana ajiye ɓeran Masar shi kaɗai. Na ce to ai namu biyu ne, mun tsira. Ta ce, "Gwamna fa?"

Ni mutum ne mai son sauƙi. Na ce ga ɓerayen Masar nan, a haɗa su keji ɗaya a huta. Da na faɗa wa likitar dabbobi wannan dabarar, sai ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce zomo kan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna Bordetella a hancinsa ba tare da ta yi masa komai ba, amma in ta kama ɓeran Masar, ciwon huhu ne. Abincinsu ma ba ɗaya ba ne, don ɓeran Masar sai an ba shi bitamin C, jikinsa ba ya haɗawa. Kuma harbi ɗaya na ƙafar zomo ya isa ya karya masa baya. Na ce to mage fa? Ta ce mage mafarauciya ce, farce ɗaya a ido ya isa. Ban gaya mata cewa a gidanmu mage ce ke hawa kan firji idan Gwamna ya shigo ba.

"Zomo za ka nemo masa, Malam. Amma kafin nan sai an fiɗiye shi."

Na ɗan yi jim, don na ji masa zafi. Sai ta ba ni lissafi. Cikin zomanya kwana 31 ne, takan haifi huɗu har zuwa goma sha biyu, kuma a ranar da ta haihu za ta iya ɗaukar wani cikin. 'Ya'yan kuma kafin wata shida su ma sun shiga layi. Ta ce a 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a Ostireliya don ya riƙa farauta. Kafin a ankara sun cinye makiyaya, har gwamnati ta ja shingen waya na dubban kilomita, bai tare su ba, sai a 1950 aka sakar musu cuta da gangan. Na tuna faɗin falona. Na ce, "Likita, a yi aikin."

Ta ɗaga Gwamna, ta kwantar da shi a jikinta, ta buɗe gashin ƙasan wutsiya. Ta duba. Ta sake dubawa.

"Malam, wa ya ce maka namiji ne?"

Na ce wanda ya sayar mini. Ta ce ba shi da laifi sosai, zomo yana ƙarami ko gwani kan ruɗe, don marainan namiji ba sa saukowa sai ya kusa wata uku. Sannan ta nuna mini ninkin naman nan da ke ƙasan haɓarsa, wanda nake nuna wa baƙi ina cewa ku ga wuyan manya. Ta ce na mata ne, daga nan suke tsige gashi su shimfiɗa wa 'ya'ya. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kwanakin baya na tarar da Gwamna da ciyawa cike da baki, yana jera ta a bayan kujera da gashin ƙirjinsa. Cikin ƙarya ne, in ji likita. Ni kuwa har na yaba masa a kan tsafta.

Na koma gida da labari. Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Maigida, shekara nawa kana kiranta ɗan'uwana?" Sunan dai bai canza ba. Mace ma tana gwamna.

Aka cire mata mahaifa, wanda likita ta ce ko ba don haihuwa ba ya kamata, saboda kansar mahaifa ta yi yawa a zomanyoyin da suka manyanta. Ta warke ta dawo da izzarta cif. Mu kuma muka samo namiji daga wasu mutane da za su tashi daga gidansu, ɗan ƙarami, kunnuwansa a zube, fuskarsa ta mai neman gafara. An riga an fiɗiye shi da daɗewa, kuma wannan ma sai da likita ta bincika, don namiji kan iya yi wa mace ciki har mako shida bayan aikin. Yara suka sa masa Sakatare.

Umarnin likita a fili yake. A ware shi a ɗaki daban mako biyu a ga ko yana da cuta, a yi masa rigakafi. Bayan nan a jera kejinsu kusa da juna da ɗan tazara yadda baki ba zai kai ba. A riƙa musanya musu kwanon kashi don kowa ya saba da warin ɗan'uwansa. Haɗuwar farko kuma lallai a wurin da ba na kowa ba, domin mace ta fi namiji kishin wuri.

Duk mun bi. Mage ce ba a yi shawara da ita ba.

Ita ta iya tura ƙofa da kai. Wata yamma ta tura ta ɗakin Sakatare, ta leƙa, ta ga ba abin da ya shafe ta, ta wuce abinta. Sakatare ya fito yana shinshine-shinshine, ya shigo falo, ya je daidai ƙafar kujerar da Gwamna ta yi shekaru tana sassaƙa, ya goga mata haɓa. A ƙasan haɓar zomo akwai wani wari da mu ba ma ji, da shi suke sa hannu a kan dukiya. Wato a gaban idon mai gida ya rubuta sunansa a kan kujerarta.

Ban ga tashinta ba. Na dai ga wani curi mai launi biyu yana juyawa a kan kafet, gashi na tashi sama. Aku ya ɗauki ihu. Ɓerayen Masar suka shige bukkarsu. Ni kuma na yi abin da kowane uba zai yi, na zura hannu. Waɗannan haƙoran masu milimita 2 a mako na san su yanzu ciki da waje. Har yau ban san wane ne ya cije ni a cikinsu ba, amma ina da zato. Na ƙwalla ƙara, "Wayyo hannuna!" Aku, wanda na yi wata da watanni ina koya masa gaisuwa ya ƙi, a take ya haddace.

Daga nan aka koma banɗaki. Shi ne kaɗai wurin da Gwamna ba ta taɓa shiga ba, saboda santsin tayil. Kullum da yamma sai in shimfiɗa tsohon tawul, in zuba ciyawa a tsakiya, in kifa bokiti in zauna, safar hannu mai kauri a dama, abin kwashe shara a hagu don raba faɗa. Da 'yan mintoci muka fara. Gwamna ta zauna a wannan kusurwa ta juya mana baya. Sakatare ya zauna a waccan yana wanke fuska. Ni ina tsakiya ina zufa. Likita ta ce idan suka yi kamar ba su ga juna ba, ci gaba ne. Ban taɓa jin inda gaba ta zama ci gaba ba sai a wurin zomaye.

Wani abokina ya zo nemana a irin wannan lokacin. Ina ji ta bayan ƙofa ƙaramin ɗana yana ce masa, "Baba yana banɗaki da zomaye, ya ce kada a dame su." Aku ya amsa daga falo, "Wayyo hannuna!" Mutumin bai tsaya shan ruwa ba.

A waje kuma wani yaƙin ake. Gwamna da ta iya kwanonta tun tana ƙarama sai ta fara jera ƙwallayen kashi a bakin kejin Sakatare, layi miƙaƙƙe, shi ma ya jera nasa daga ciki. Kowace safiya in share iyakar, kafin dare sun sake shata ta. Goga haɓa kuwa ya zama ruwan dare: takalmana, rimot, tsintsiya, ƙafata. Ran nan mage na barci Gwamna ta je ta goga haɓa a wutsiyarta. Mage ta farka ta ga ta zama mallakin wani.

Sai aka shiga matakin hawa. Gwamna ta haye Sakatare, kuma ta wajen kai, wanda dole in ture ta da sauri don na ƙasa na iya cizo a mugun wuri. Ɗana yana leƙe ta ƙofa.

"Baba, me suke yi?"

"Siyasa," na ce masa.

Kuma ban yi ƙarya ba. Mace na hawa, namiji na hawa, ko an yi musu aiki, duk don a san waye babba.

Amma ainihin shari'ar a lasa take. A wurin zomaye, babba shi ne wanda ake lasa. Yakan zo ya miƙa kai ƙasa, ya kwantar da kunnuwa, ya jira. Na tuna shekarun da Gwamna ta yi tana cusa kai ƙarƙashin hannuna ina shafawa ina cewa dubi ladabi. Ashe umarni take ba ni. To yanzu ta zo gaban Sakatare ta sa kai ƙasa. Shi kuma wannan mai fuskar neman gafarar, sai ya matso, ya haɗa goshinsa da nata, shi ma ya sa kai ƙasa. Suka tsaya a haka. Ba mai motsi sai hanci. Ƙafata ta yi sanyi a kan bokiti, uwargida na buga ƙofa tana cewa, "Maigida, mutane fa na son wanka." Su ko a jikinsu. Kar-ta-san-kar.

'Yata ce ta kawo dabarar ayaba. Ana ɗan shafa ta a goshin ɗaya, ɗayan ya lashe don zaƙi, wanda aka lasa kuma ya ɗauka an yi masa mubaya'a. Na shafa wa Gwamna. Sakatare ya shinshina, ya lasa, ya sake lasa. Gwamna ta lumshe ido, na ji haƙoranta na ɗan karkarwa a hankali, wanda shi ne gurnanin jin daɗi na zomo. Don adalci na shafa wa Sakatare shi ma. Gwamna ta lashe ayabar tas a lasa biyu, ta haɗa da 'yan gashi, ta maida kanta ƙasa a ci gaba da aiki. Nan aka rufe zaɓe.

Kafin a maido su falo sai da na goge ko'ina da ruwan binega, na wanke kafet, na juya kujeru, don Gwamna ta ɗauka sabuwar ƙasa ce. Ita ba ta ruɗu sosai ba. Mage ce ta shigo ta rasa inda kujerarta take, ta dube ni, ta koma kan firji da zama na dindindin.

Wata safiya na fito na gan su biyun a yashe a gefe ɗaya, ƙafafu a miƙe, ido a kafe, farin gashin cikinsu a waje. Na saki kofin da ke hannuna na fara salati da ƙarfi. Gida ya taru. Gwamna ta ɗaga kai, ta dube ni, ta buga ƙafa ɗaya a ƙasa, ta koma ta kwanta. 'Yata ta ce zomo ba ya yin wannan faɗuwar sai hankalinsa ya kwanta sarai. Nawa hankalin ba wanda ya tambaya.

Yanzu ba a raba su ko na awa ɗaya, don in ɗaya ya fita ya dawo da baƙon wari, ana iya komawa banɗaki daga farko, ni kuwa na gama da bokitin nan. Shi ya sa ranar da Sakatare ya ƙi cin abinci, abin da ba a wasa da shi, domin zomon da ya yi awa 12 bai ci ba hanjinsa na iya tsayawa, sai na kwashe su biyun a akwati ɗaya zuwa asibiti. Iska ce ta cika masa ciki, aka ba shi magani. Amma kafin a kai ga duba shi, da aka buɗe akwatin a kan tebur, Gwamna ce ta fara fitowa. Ta taka mara lafiyan, ta wuce gaban likita, ta sa kai ƙasa ta kwantar da kunnuwa. Likita, da digirinta da komai, ta ajiye abin awon ta fara shafawa.