Dariyar me kuke yi wa yaran nan?

Wata rana a 2020 da la'asar na biya ta wani layi a Rigasa a Kaduna inda wasu ƙannenmu ɗalibai Musulmi 'yan manyan makarantu ke tara yara suna musu darasi kyauta, tunda a lokacin korona ta rufe makarantu tun watan Maris ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU kowa na zaune a gida. Da farko wallahi sun burge ni, ga bokitin wanke hannu a ƙofa, an raba takunkumi, an zaunar da yara nesa nesa a tabarma. Allah ya saka musu da alheri, wannan kam ba zan tauye musu ba.

Sai aka tada wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba wai ta gabatar da kanta da turanci. Ta fara muryarta na rawa, ta zo kan father ta ce pada, kawai sai malaman da kansu suka kwashe da dariya, ɗaya har da ciro waya wai ta maimaita zai ɗora a sitatus. Yarinyar nan ta ja hijabi ta rufe fuska, har aka tashi ban ƙara jin muryarta ba.

Haba ƙannena, dariyar me? Mu Hausawa bakinmu bai raba p da f ba, haka muka tashi, har manyanmu masu digiri ana ji a bakinsu in suna jawabi a rediyo. Kai da kake dariyar ka manta ranar da aka tada ka a aji ɗaya na sakandare gumi ya wanke ka? Laifi tudu ne ka take naka ka hango na wani, gwano ba ya jin warin jikinsa. Yarinyar da a gida Hausa, a layi Hausa, a islamiyya Hausa da Larabci, wata biyar ba ta ga allo ba, darasin da gwamnati ke sawa a rediyo a lokacin ma sai in baba bai fita da rediyon ba, a ina za ta ji turancin? Kuma a jihar nan ta Kaduna ne fa a 2017 malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Wanda ya koyar ma ga yadda yake, amma 'yar shekara tara ake wa dariya.

Abin da ya fi ƙona min rai da sunan da'awa kuka fito. Ku ne masu jawo mana ayar Hujurat da ta hana wasu su yi wa wasu izgili, ku ne masu karanta hadisin da ya ce mai karatun Alƙur'ani yana in'ina yana shan wahala lada biyu gare shi. Allah bai raina mai in'ina a littafinsa ba sai ku a harshen bature? Wannan cutar ta waya ma ta ishe mu, mudu ɗaya na shinkafa za a ba bazawara sai an ɗauke ta hoto goma, yanzu kuma an gangaro kan yara.

Ku riƙa haƙuri da su dai, ku gyara a hankali, in dariyar ta zo ku haɗiye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi amma ba a ce a karya ba.

Mu da muka tashi a Tudun Wada yayyenmu in sun dawo hutu daga Zariya zaunar da mu suke a zaure da fitilar ƙwai, ka kwafsa sau goma su maimaita maka sau goma, in wani yaro ya yi dariya shi zai sha ranƙwashi. Ba su da waya, ba riga mai tambari, ba wanda ya san sun yi. Washegari na sake bi ta layin nan na leƙa, ban ga yarinyar a tabarma ba.