An mayar da ƙananan hukumomin karkara mabarata

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ƙaramar hukumar karkara ke yawon roƙo a kan abin da yake haƙƙin jama'arta ne. Kansiloli su zauna, su amince gadar da ruwa ya cinye tana bukatar gyara, su rubuta wa gwamnatin jiha. Jiha ta ce hanyar ta tarayya ce. Tarayya ta ce an rufe kasafin kuɗin bana, a sake turowa baɗi. Kafin baɗi an sauya kwamishina, fayil ya yi ɓatan dabo, a koma farko.

Kuma fa ba rashin ƙoƙari ba ne. Shugaban hukumar zai kwashi tawaga zuwa babban birni, su wuni a kan benci a ƙofar ofis, can da yamma sakatare ya leƙo ya ce mai girma yana taro. In an taki sa'a akwai tallafi, sai a gindaya sharaɗi: ku kawo rahoton injiniya, ku fara zuba naku kason. Da me? Harajin da suke tarawa da ƙyar yake riƙe ofis. Ga shi yawan jama'a na cikin manyan abubuwan da ake dubawa wajen rabon kuɗi, alhali su ne ke da dogayen hanyoyi da mutane a warwatse.

Ana cikin wannan jeka-ka-dawo, mai naƙuda sai an zagaya da ita ta doguwar hanya kafin a kai asibiti, kansila kuma shi ke shan zagi, don shi ne mutane suka san ƙofar gidansa.